Yadda Ake Bin Lamba a Gano Injin da Sassan Asali na Tsohon Babur

Tun da samari suka fara farfaɗo da tsofaffin baburan iyayensu a nan Gombe, tambaya ɗaya ake ta jefo min. An fito da Benly ko Vespa daga ɗakin shirgi, an tarar injin da ke jiki ba nasa ba ne, tanki na wani babur, kafireta ta wani, to ta ina za a fara neman na asali? Ta lamba ake farawa. Launi yana canzawa, dillali yana rantsuwa a kan abin da bai gani ba, amma abin da kamfani ya buga a jikin ƙarfe yana nan inda aka buga shi. Ga matakan a jere, kuma a bi su a jeren, don wanda ya fara da saye ko fenti kafin ya karanta lamba kuɗinsa ne zai ji jiki.

Mataki na 1: Tara kayan aiki, kada ka kwance komai

Kananzir kaɗan, tsohon burushin haƙori, tsumma, tocila, alli, fensir mai laushi, farar takarda, littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, da waya mai kyamara. Sifana lamba 8, 10, 12, 14 da 17 sun isa ga baburan Japan. Idan Vespa ce, ƙara da 11 da 13. In ka cire waya, duk kayan nan ba su kai kuɗin taya ɗaya ba.

Ɗauki hoton babur ta hagu, ta dama, ta gaba da ta baya yadda ka same shi, da ƙurarsa da komai.

Hattara: kada babur ya je wurin mai fenti ko mai walda a wannan mataki. Fenti mai kauri yana cike lamba, walda kuma a kusa da wuya tana iya cinye ta gaba ɗaya.

Mataki na 2: Nemo wurin lamba ka wanke shi

Lambobi biyu ne manya: lambar shasi, wadda ke jikin firam, da lambar inji.

A baburan Japan masu tanki a gaba, irin su Honda Benly CD175, Roadmaster, CG125, Suzuki A100 da Yamaha YB100, lambar shasi tana a wuyan babur, inda kan ke juyawa. Karkata kan gefe guda, ka ɗage wayoyin da suka rufe wurin. A ƙananan Honda irin C50, C70 da C90 tana gefen hagu na jikin firam, ƙasan marfin gefe. Lambar inji kuwa tana jikin kaskon inji, wato gidan da kayan cikin injin suke zaune, a wani ɗan fili da aka daidaita dominta. A Honda nemi ɓangaren hagu, kusa da giya ko sama kaɗan. A Vespa sai ka cire marafan gefe biyu ka bi bakin ƙarfen bodi da tocila, domin wurin ya bambanta tsakanin tsofaffin samfura da samfurin PX da ya biyo bayansu. Lambar injinta tana kan hannun kaskon da ya riƙe tayar baya.

Zuba kananzir, bar shi ya jiƙa, sannan ka goga da burushin haƙori. Idan fenti ne ya rufe lambar firam, ɗigo man birki a tsumma ka danna a wurin na ɗan lokaci, zai yi laushi. Kada ya taɓa tanki, don yana cin fenti.

Hattara: kaskon inji alminiyam ne, ba ya jure samfefa ko burushin ƙarfe. Goga kaɗan sai 8 ta koma 3, kuma gobe wani ya ce kai ne ka taɓa lambar.

Mataki na 3: Ɗauki lambar ta hanya uku

Da ido, da hoto, da fensir. Shigar da babur inuwa, ka haska tocila daga gefe, kwance da ƙarfen, yadda inuwa za ta faɗa cikin ramin kowane harafi. Hasken rana kai tsaye yana shafe komai. Shafa alli ka share saman da yatsa, farin zai zauna a cikin ramin. Sai hoto.

Bayan haka ɗora farar takarda a kan lambar, riƙe ta da yatsa biyu kada ta motsa, ka kwantar da bakin fensir ka riƙa shafawa a hankali. Takardar za ta yi baƙi, haruffan su fito fari ɗaya bayan ɗaya, har da ƴan taurarin da Vespa ke sawa a farko da ƙarshen lamba. Wannan takarda ta fi hoto amfani, don tana nuna girman haruffan da tazarar da ke tsakaninsu daidai yadda suke. Liƙa ta a littafinka. Za ka buƙace ta a mataki na 7.

Sa wani ya karanta lambar shi kaɗai ba tare da ya ga taka ba, ku gwada. Inda ake yawan ruɗewa shi ne 5 da S, 8 da B, 0 da D, 1 da 7.

Mataki na 4: Fahimci abin da lambar ke faɗa

Nan ne mafi yawan mutane ke ɓata lokaci. An ji ana cewa babur na asali shi ne wanda lambar injinsa ta yi daidai da ta shasi, sai kowa ya ɗauka haka kowane kamfani yake. Ba haka ba ne.

Honda ba ta daidaita su. Firam zai ce CG125 sai lamba, inji ya ce CG125E sai tasa lambar. Haka C70 da C70E, haka CD175 da CD175E. Kowane yana da jerinsa, galibi suna kusa da juna amma ba ɗaya ba. Saboda haka wanda ya kawo maka Benly da lambobi biyu iri ɗaya sak, ƙara duba su da kyau. Suzuki da Kawasaki ma nasu ba sa zuwa ɗaya. Yamaha ce a shekarun 1970 ta saba buga lamba ɗaya a firam da inji, don haka mai tsohon Yamaha aikinsa ya yi sauƙi: lambar da ke wuyan babur ita zai nema a jikin inji.

Vespa tana da nata salon. Haruffan farko suna gaya maka samfuri: VBB tsohuwar 150, VBC Super, VLB Sprint, VLX kuma PX 150, daga jerin da aka fara fitarwa a 1977. Na firam yana ƙarewa da T, na inji da M, kamar VLB1T da VLB1M. Lambobin da ke biyo baya ba sa daidaita. Sannan a tuna cewa Indiya ta daɗe tana ƙera irin wannan babur. Bajaj Chetak daga siffar Sprint ta samo asali, LML kuma ta ƙera irin PX, kuma kayansu suna hawa jikin Vespa ta asali, ƴar Italiya, ba gardama. Da yawa daga cikin Vespa da ke yawo a garin nan rabinsu Italiya ne rabinsu Indiya.

Idan ka ga lambar inji ta fara da 156FMI, 157FMI, 162FMJ ko 152FMH, injin ɗan China ne. Ukun farko galibi a kan tsarin CG aka kwafe su, na ƙarshen a kan na ƙananan Honda, shi ya sa suke zama a tsohon firam da ɗan gyara kaɗan. Lokacin da suka shigo da araha, da yawa daga masu tsofaffin Honda sun sauke nasu sun ɗora su, kuma daga nan aka raba babura da injinansu.

Lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17 ta zama ƙa'ida ne daga 1981, kuma ba a sa I, O da Q a cikinta. JH2 a farko Honda ce ta Japan, JYA Yamaha, JS1 Suzuki, ZAP Piaggio mai ƙera Vespa, L kuma China. Babur ɗin da aka ce na shekarun Udoji ne, wato wajen 1975, amma firam ɗinsa na ɗauke da irin wannan doguwar lamba, an canja masa firam. Gajeriyar lamba kuwa ba ta tabbatar da tsufa ita kaɗai, don baburan da aka sayar a ƙasashenmu sun daɗe da ita bayan 1981.

Mataki na 5: Tono takardu

Tunda lambar Honda da ta Vespa ba sa daidaita, takarda ce za ta gaya maka wane inji ne ya fito da firam ɗinka. Nemi rasidin saye, tsohon lasin, takardar inshora, ko takardar rancen babur idan mai shi ma'aikaci ne. Malaman makaranta da malaman gona da yawa ta rance suka samu nasu, kuma ana rubuta lambobin biyu. Duba akwatin ƙarfe na maigida, duba adakar Hajiya, duba ma aljihun kayan aiki na babur ɗin kansa. Takardar da ta fi tsufa ita za ka bi, don na baya suna iya ɗauke da lambar injin da aka canja.

Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba 1996 aka ƙirƙiro ta. Duk babur da aka yi wa rajista a nan daga 1976 zuwa wannan rana a ƙarƙashin Jihar Bauchi aka yi, daga 1967 zuwa 1976 kuma a Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri. Fara da ofishin lasin na nan, ka tafi da tsohuwar lambar babur, in sun tura ka Bauchi ka je. Kada ka ɗora wa wannan tafiya buri da yawa, tsofaffin fayiloli ba duka suka tsira ba.

Idan babu takarda ko ɗaya, littafin sassa na samfurin yana nuna daga wace lamba zuwa wace lamba kowane zubi ya fara ya ƙare, na firam da na inji. Ana samunsa a intanet. Da shi za ka iya neman inji na zubi ɗaya da firam ɗinka. A ganina wannan ma nasara ce, muddin ba ka ce wa mai saye shi ne na asali ba.

Hattara: idan babur na gado ne, nemi yardar magada a rubuce kafin ka kashe ko sisi. Babur da ba wanda ya kula da shi a ɗakin shirgi yana samun masu shi da yawa ranar da ya fara ƙyalli.

Mataki na 6: Bi sawun injin

Fara da ƴan gwangwan, ba don sun fi kowa samun kaya ba, sai don lokaci ba ya jira a wurinsu. Kaskon inji da ya shiga hannunsu ana auna shi a kilo, daga nan sai wurin masu narka alminiyam su zuba tukwane. Kai musu hoton irin injin da kake nema, ka ce duk wanda ya shigo a ajiye maka, kuma za ka biya sama da kuɗin kilo.

Daga nan sai tsohon bakaniken gidanku. Da wuya inji ya yi nisa da inda aka sauke shi. Ko an bar wa bakanike a madadin kuɗin aiki, ko ya ɗora wa wani, ko yana nan ƙarƙashin benci cikin baƙin mai. Je da yamma lokacin da aiki ya lafa, ka gaishe shi yadda ya kamata, kada ka fara da lamba. Tsohon bakanike ba ya riƙe lamba, mai babur yake riƙewa da ciwon babur.

"Baba, barka da aiki. Ni ɗan Malam ne na bayan masallaci, mai jar Benly."

"Wadda kik ɗinta ke dukan ƙafa? Allah ya jiƙan Malam. Ai ni na sauke mata inji."

"To Baba, wanda aka sauke ɗin ina ya nufa?"

Amsar da zai ba ka ita ce zaren. Rubuta sunan wanda ya ambata da garinsa, ka bi. Tsofaffin injina ƙauye suke gangarawa, don haka kada ka yi mamaki in zaren ya kai ka Kumo, Dukku, Bajoga ko Billiri. Ranar kasuwa ta fi, masu gyara da masu babura duk suna wuri ɗaya. Kowane mutum da ka samu, tambaye shi wa ya sayar wa, kuma wa ya yi dillanci.

Sai in zaren ya tsinke za ka waiwayi manyan kasuwanni: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Dilimi a Jos, ko Nnewi. Can za ka samu inji irin naka, amma samun naka na ainihi sai babban rabo.

Hattara, kuma wannan ya fi duk sauran: kada ka ba kowa cikakkiyar lambar. Ba dillali ba, ba a WhatsApp ba, ba a Facebook ba. Ba da haruffan farko da ƴan alƙaluma, ka ɓoye uku na ƙarshe. Wanda ya ce ya samo, shi zai karanto maka su. Idan ka baza lambar duka, akwai mai guduma da ƙarfen buga lamba da zai samo maka ita cikin mako guda.

Mataki na 7: Duba kafin ka yi maganar kuɗi

Tafi da kananzir, tocila da takardar fensir ɗinka. Wanke wurin da hannunka. Shafa yatsa a kan filin lambar: ya kamata ya zama a miƙe, fatarsa iri ɗaya da ta sauran kaskon. In ya lotsa a tsakiya, ko ya fi kewayensa santsi da haske, ko kana ganin zanen garanda, an kankare an sake bugawa. Dubi haruffan: girma ɗaya, zurfi kusan ɗaya, salo ɗaya. Inda alƙalami ɗaya ya maimaitu, kamar 4 biyu, su zama tagwaye. A firam, duba kewayen wuya ko akwai sawun walda, don akan yanko wuyan wani babur a dasa.

Fili babu lamba ko kaɗan, kuma babu alamar kankara, sau da yawa kaskon canji ne da aka sayo sabo, don haka yake zuwa daga kamfani. Ba laifi ba ne, amma ba naka ba ne.

Hattara: inji mai kankararriyar lamba, bar shi inda ka gan shi ko kyauta aka ba ka. Ranar da aka tare ka a hanya kai za ka yi bayani. Kai ma kada ka taɓa sa a buga lamba, ko da taka ce ta gaskiya kake son mayarwa.

Mataki na 8: Ciniki da kuɗi

Farashi yana sauyawa kusan kowane wata, don haka ga ma'auni maimakon adadi. Mataccen inji a wurin ɗan gwangwan kuɗinsa kuɗin kilo ne da ɗan ihsani. A wurin bakanike ya fi haka kaɗan. Mai tsada shi ne wanda ke jikin babur yana aiki, domin mai shi da shi yake cin abinci. A nan musaya ta fi saye: ka ba shi lafiyayyen inji, ka biya kuɗin saukewa da ɗorawa, ka ƙara masa wani abu. Yawanci murna zai yi. Ni dai ba na ba da shawarar wuce kuɗin sabon inji ɗan China, sai in takarda ta tabbatar naka ne.

Kada mutuwar inji ta hana ka saye. Lambar a jikin kasko take, kayan ciki kuwa ana canja su. Amma karɓi ɓari biyu na kaskon tare, domin tare aka daidaita su a kamfani, kuma haɗa ɓarin wannan da na wancan yana kawo yoyon mai.

Abin da ke cinye kuɗi a ɓoye shi ne kuɗin mota, la'adar dillalai da na goro. Yanke la'ada tun farko, kuma sai lamba ta tabbata za a biya. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan hoto. Idan zai yiwu, tura bakanikenka ya yi cinikin, don da zarar an gane injin mahaifinka ne kuɗi ya ninka.

A rubuta takardar ciniki: sunan mai sayarwa, cikakkiyar lambar inji, kuɗi, kwanan wata, shaidu biyu. A ƙauye, sa hannun mai unguwa yana da nauyi.

Mataki na 9: Ƙananan sassa

Tanki, kafireta da fitila ba su da lambar da ta ɗaure su da babur ɗinka shi kaɗai, sai dai alamar mai ƙira da ta samfuri. Honda da kafireta Keihin take zuwa, Yamaha da Suzuki da Mikuni, Vespa da Dell'Orto. In ka ga Spaco, ta Indiya ce. Gilashin fitilar Japan yakan ɗauki sunan Stanley ko Koito, agogon gudu Nippon Seiki, rim kuma DID ko Takasago. A Vespa nemi Siem a fitila da Veglia a agogo.

Lambar sassan Honda kashi uku ce: biyar, uku, uku. Biyar na farko suna faɗin wane sashe ne, misali 16100 kafireta, 50100 firam. Ukun tsakiya su ne samfurin da aka fara ƙera sashen dominsa. Nemo naka a littafin sassa ka haddace su, za su raba ka da gardama da masu shago.

Duba bakin makulli. Tsofaffin Honda suna da ƴar lamba a wurin, kuma idan ta wurin kunnawa ta yi daidai da ta makullin wuya, alama ce tare suka fito. Launin asali kuma yana ɓuya a ƙarƙashin tanki da bayan tambari, inda mai fenti ba ya kai hannu.

Mataki na 10: Haɗawa da gyara takardu

Ba wa bakanike ɗaya aikin, ka zauna a wurin ranar da za a buɗe injin. Sukurorin Japan masu kan gicciye suna saurin lalacewa da sukudireba na yau da kullum, a yi amfani da irin wanda ake bugawa da guduma. Sabon fakin, sababbin robobin mai, sabon baƙin mai. Tsofaffin Benly da CG na farko wutarsu bolt 6 ce, kuma idan an mayar da wayoyin babur zuwa 12 lokacin da aka ɗora ɗan China, sai an sake duba su kafin a kunna, in ba haka ba kwan fitila da kwayil za su tafi. Kafin fenti, liƙe lambobin biyu da tef.

Injin da ka sauke kada ka yar da shi ba takarda. Rubuta lambarsa da sunan wanda ya karɓa.

Daga nan sai ofishin lasin. Idan takardun yanzu suna ɗauke da lambar injin da ka cire, dole a gyara su. Tafi da babur ɗin kansa don jami'an VIO masu duba ababen hawa su ga lambobin da idonsu, da takardar cinikin inji, da tsohuwar takardar da ke nuna lambar asali. Idan takardun babur sun ɓace, sai ka fara da rahoton ƴan sanda da takardar rantsuwa daga kotu. Kafin ka bar ofishin, karanta lambar da suka rubuta harafi bayan harafi, ka gwada ta da takardar fensir da ke littafinka.